Kafin Mu Miƙa Bayanmu ga Mai Koyar da Pilates, Mu Tambayi Wanda Ya Yaye Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shigo mana ta wayoyin hannu, kuma ya fara samun gindin zama a manyan birane irin su Abuja da Legas, wato salon motsa jikin nan da ake kira Pilates. Na yi aikin koyar da ilimin motsa jiki da kiwon lafiya a makarantun sakandare har na yi ritaya, saboda haka duk abin da zai tayar da mutanenmu daga kujera ina maraba da shi, kuma na ga amfanin wannan salo a jikin mutane da idona. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne masu koyarwar: ina suka yi karatu, wa ya yaye su, kuma me ya ba su ikon su ce wa mai ciwon baya ko mai jego ta kwanta ta ɗaga kaza ta lanƙwasa kaza.

Duk mai leƙa Instagram ko TikTok ya san irin tallan da nake nufi. Za ka ga saurayi ko budurwa cikin kayan motsa jiki, an rubuta a ƙarƙashin sunan cewa ƙwararren malami ne mai takardar shaida, ana alkawarin rage tumbi cikin wata guda, da raba mutum da ciwon baya, da mayar wa mai jego ƙirarta ta da. Jama'a suna biyan kuɗi, wasu su je ɗakin koyarwar, wasu kuma su bi darasin ta waya daga cikin ɗakunansu, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambayi wace irin takarda ce wannan, wace makaranta ce ta bayar da ita, kuma awa nawa aka shafe ana koyo kafin a same ta. Dalilin da ya sa wannan tambaya ta zama dole yana cikin tarihin sana'ar kanta, don haka a yi mini haƙuri in ɗan koma baya.

Pilates sunan mutum ne. Joseph Pilates Bajamushe ne da aka haifa a 1883 a garin Mönchengladbach, ya tashi cikin wasannin motsa jiki da damben zamani, daga baya ya tafi Ingila neman abinci. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, hukumomin Birtaniya suka tsare shi tare da sauran Jamusawa mazauna ƙasar, har aka kai shi sansanin Knockaloe da ke tsibirin Man, inda ya riƙa horar da 'yan uwansa tsararru yana kuma gyara tsarin atisayen da ya sa wa suna Contrology. Bayan yaƙin ya koma Jamus, a 1926 kuma ya yi ƙaura zuwa Amurka, inda shi da Clara, matar da ya haɗu da ita a cikin jirgin ruwan da ya kai su, suka buɗe ɗakin koyarwa a titin Eighth Avenue na birnin New York. A 1945 ya wallafa littafin Return to Life Through Contrology, mai ɗauke da atisaye 34 na kan tabarma, waɗanda har yau su ne ginshiƙin abin da ake koyarwa da sunansa. Ya rasu a 1967 yana da shekara 83.

Na taɓa jin wani mai koyarwa yana kāre kansa da cewa ai shi ma Joseph Pilates ba likita ba ne, kuma ba shi da takardar wata jami'a. Wannan gaskiya ne, sai dai rabin labarin ke nan. Sauran rabin shi ne yadda almajiransa suka koya a hannunsa. Yawancinsu masu rawar dandamali ne waɗanda suka ji rauni a bakin sana'arsu, manyan malaman rawa na lokacin irin su George Balanchine da Martha Graham suka riƙa tura masa su domin a gyara. Romana Kryzanowska, wadda ta riƙe ɗakin koyarwar bayan rasuwarsa da tsufan Clara, ta fara zuwa ne a 1941 da ciwon idon sawu. Eve Gentry an yi mata babbar tiyatar cire mama a 1955, kuma a hannunsa ta sake koyon ɗaga hannu da sarrafa kafaɗa. Kusan kowannensu sai da ya fara zama majinyaci, ya san yadda atisayen ke ji a jikin da ke ciwo, sannan ya shafe shekaru yana tsaye a gefe yana kallon yadda Joseph da Clara ke bi da mai ƙiba da siriri, da tsoho da yaro, kafin a bar shi ya taɓa wani.

Daga cikin almajiran nan duka, mutum biyu kaɗai aka sani Joseph Pilates ya ba takardar shaidar koyarwa a hukumance, su ne Kathy Grant da Lolita San Miguel, kuma sai da suka yi sama da awa 2,000 na horo a ƙarƙashinsa. Kathy Grant baƙar fata ce, wadda ciwon gwiwa ya kai ta wurinsa, ta kuma ci gaba da koyarwa a Jami'ar New York har cikin tsufanta kafin ta rasu a 2010. Ina ambaton wannan ne domin a gane cewa tun asali sana'ar almajirci ce. Mu nan mun san irinta sarai, domin babu mai ba yaron makanike injin motarsa ya kwance don kawai ya ga hoton yaron riƙe da sifana. Sai ya ji garejin wa ya zauna, shekara nawa ya yi yana wanke noti yana miƙa kayan aiki, kuma ko maigidan nasa ya yaye shi ko gudowa ya yi. Ƙashin bayan ɗan Adam kuwa ya fi injin mota wuyar gyara idan ya lalace.

Bayan rasuwar malamin, almajirai suka bazu. Alan Herdman ya kai salon Landan a 1970, Ron Fletcher ya buɗe nasa ɗakin a Los Angeles inda taurarin fim suka yi masa caa, daga nan kuma suna ya tashi. Sai makarantun horar da malamai suka fara fitowa: Stott Pilates a Toronto ta Kanada a 1988, BASI ta Rael Isacowitz a 1989, Polestar ta likitan gashin ƙashi Brent Anderson a 1992, da Body Control Pilates a Ingila cikin shekarun 1990. Wasu sun tsaya a kan tsarin Joseph yadda ya bar shi, ba ragi ba ƙari, wasu kuma sun sassauta wasu atisayen sun shigo da abin da ilimin gashin ƙashi na zamani ya gano. Akwai muhawara mai zafi tsakanin ɓangarorin biyu, amma a ganina ba ita ce damuwarmu ba, domin ko wanne ɓangare mutum ya bi, idan ya bi shi har ƙarshe, zai fito da ilimin da za a iya dogara da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya faru a watan Oktoba na shekarar 2000. Wani mai ɗakin koyarwa a New York, Sean Gallagher, ya mallaki rajistar sunan Pilates a matsayin tambarin kasuwanci, yana hana wasu amfani da shi, har ya kai ƙarar kamfanin Ken Endelman na Kalifoniya mai ƙera na'urorin atisayen. Mai shari'a Miriam Cedarbaum ta kotun tarayya da ke Manhattan ta yanke hukuncin cewa Pilates sunan wani nau'in motsa jiki ne kamar yoga da kareti, don haka ba mallakin kowa ba ne. Hukuncin ya yi adalci ga ɗimbin malaman da suka shafe shekaru suna koyarwa ana yi musu barazana, amma ya buɗe wata ƙofar da har yau ba a rufe ba. Tun daga ranar, duk wanda ya ga dama yana iya kiran kansa malamin Pilates, duk wanda ya ga dama kuma yana iya buɗe makaranta ya buga takardar shaida mai hatimin zinariya ya sayar. Ko a Amurka babu lasisin gwamnati da ake buƙata kafin a yi wannan sana'a, balle a nan inda ta zo mana a matsayin baƙuwa.

Masu sana'ar da kansu ne suka tashi neman mafita. A 2001 suka kafa ƙungiyar Pilates Method Alliance, a 2005 kuma ta fara shirya jarrabawa mai zaman kanta, wadda a yanzu hukumar National Pilates Certification Program ke gudanarwa. Ma'aunin da aka tsayar na cikakken horo shi ne aƙalla awa 450, waɗanda suka haɗa da darussan ilimin sassan jiki da yadda gaɓoɓi ke motsi, da zaman kallon ƙwararren malami yana koyarwa, da yin atisayen a jikinka, da koyar da wasu a gaban mai duba ka, sannan a sabunta takardar duk shekara biyu bayan ƙarin karatu. Idan mutum yana ba abin awa 10 a kowane mako, sai ya yi mako 45 kafin ya cika wannan adadi. Kwas ɗin Asabar da Lahadi kuwa, ko an wuni ana yi, bai wuce awa 16 ba, kuma akwai na intanet da ake kammalawa ba tare da wani malami ya taɓa ganin ɗalibin yana koyar da ko mutum ɗaya ba. Duk waɗannan mutane suna fitowa da takarda a hannu, kuma a hoton waya takardun kamarsu ɗaya. Haka nan akwai bambanci tsakanin wanda aka horar a kan atisayen tabarma kaɗai, wanda horo ne halattacce idan mai shi ya tsaya a kansa, da wanda aka horar a kan na'urorin duka. Matsalar tana tasowa ne idan mai takardar tabarma ya sayi na'ura ya fara ɗora mutane a kai.

Mai karatu zai iya cewa awa 450 ta yi yawa don koyon miƙe ƙafa da ja da numfashi. Wanda ya ga na'urar da suke kira Rifoma ba zai faɗi haka ba. Wani dogon gado ne mai faifan kwanciya da ke tafiya gaba da baya a kan tayoyi, an ɗaure faifan da sifirin huɗu ko biyar masu ƙarfi daban-daban, akwai sandar da ake dafa ƙafa a gefe ɗaya, da igiyoyi masu madaukai a ɗaya gefen. Mutum yakan kwanta a kai, ko ya durƙusa, ko ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan faifan ɗaya kuma a kan katakon da ba ya motsi. Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne rage sifirin ba kullum yake sauƙaƙa aiki ba. A wasu atisayen, musamman na tsaye, idan sifirin ya yi sauƙi faifan yana iya zamewa da mutum ƙafafunsa su buɗe fiye da ƙarfinsa, ya faɗo ko tsokar cinyarsa ta yage. Malami yana buƙatar sanin sifirin da ya dace da kowane atisaye da kowane jiki, da inda shi kansa zai tsaya domin ya tare faifan da ƙafarsa idan abu ya ƙwace. Ban da Rifoma akwai Kadilak, da kujerar Wunda, da gangunan lanƙwasa baya, kowanne da nasa ƙa'idojin.

Ko a kan tabarma ma, aikin malami yana cikin idonsa ne. Na zauna na kalli wani aji a Abuja inda wata malama da ta samu horo mai kyau take koyar da atisayen da suke kira Ɗari, wanda mutum ke kwanciya rigingine, ya ɗaga kai da kafaɗu, ya miƙe ƙafafu sama-sama, yana kaɗa hannuwa yana shaƙar iska cikin ƙirga biyar yana fitarwa cikin ƙirga biyar, har sau goma. Kafin a kai ƙirga na ashirin ta riga ta isa kan wata mata mai matsakaicin shekaru, domin ta hango jijiyoyin wuyanta sun miƙe, haɓarta ta cije da ƙirji, bayanta kuma ya tashi daga tabarma har hannu zai iya shiga ƙarƙashinsa. Ta nemi izininta, ta sa mata ƙaramin matashi a ƙarƙashin kai, ta ce ta lanƙwasa gwiwoyi ta ajiye tafin ƙafa a ƙasa, ta ci gaba da numfashin kawai. Matar ta ji nauyin a raba ta da sauran, amma malamar ta gaya mata a hankali cewa abin da ake nema shi ne tsokar ciki ta yi aiki, ita kuwa wuyanta da ƙugunta ne ke ɗauke da nauyin. Wannan hangen ba a samunsa daga bidiyo, sai an tsaya a bayan wanda ya iya an ga jiki ɗari yana yin kuskure iri ɗari.

Akwai kuma inda rashin sani ke zama haɗari na gaske. Da yawa daga cikin atisaye 34 na asali suna buƙatar a naɗe ƙashin baya zuwa gaba, wasu ma a mirgina a kansa ko a ɗaga ƙafafu su wuce kai. Ga mai rawa ɗan shekara ashirin wannan ba komai ba ne, amma ga macen da ta daina al'ada kuma ƙashinta ya fara zaizayewa, irin wannan motsi yana iya murƙushe ƙasusuwan gadon baya. Tun a 1984 likita Mehrsheed Sinaki ta asibitin Mayo da ke Amurka da abokiyar aikinta suka bi diddigin mata 59 masu wannan lalura, suka tarar kashi 89 cikin ɗari na waɗanda suka yi atisayen lanƙwasawa gaba sun ƙara samun karaya a ƙashin baya, alhali a cikin waɗanda suka yi na miƙe baya kashi 16 ne kawai. Duk makarantar kirki tana koyar da wannan tun da wuri. Iyayenmu mata kuwa da yawansu ba a taɓa auna ƙarfin ƙashinsu ba, don haka malamin da bai san ya tambayi shekaru, da tarihin karaya, da ko tsawon mutum ya ragu ba, zai iya jawo wa baiwar Allah ciwon da za ta ƙare rayuwarta da shi.

Haka abin yake ga masu juna biyu da masu jego, waɗanda su ne aka fi yi wa talla. Bayan watanni ukun farko ba a so mai ciki ta daɗe kwance rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Bayan haihuwa kuma mata da yawa tsokokin cikinsu biyu na gaba sukan rabu a tsakiya, kuma atisayen ɗaga kai da ƙafafu yana iya ƙara matsa wa wurin kafin ya haɗe. Wata 'yar ƙanwata da aka yi wa tiyatar haihuwa ta shiga wani aji na waya tun ba ta yi arba'in ba, domin an yi mata alkawarin cikinta zai koma. Babu wanda ya tambaye ta yadda ta haihu ko yaushe. Da ta nuna wa mahaifiyarta yadda wani tudu ke tasowa a tsakiyar cikinta tun daga ƙasan ƙirji har cibiya duk lokacin da ta ɗaga kai, ga kuma zafi a wurin ɗinkin, sai aka kai ta sashen gashin ƙashi, inda aka dakatar da ita aka mayar da ita kan numfashi da matse tsokar ƙasan mara a hankali. Allah Ya taimaka abin bai yi nisa ba. Malamin da ya san aikinsa ba zai karɓi mai jego ba sai likita ya duba ta ya sallame ta, wanda galibi akan yi wajen mako shida bayan haihuwa, kuma wadda aka yi wa tiyata takan buƙaci fiye da haka.

Game da ciwon baya, ya kamata a faɗi gaskiya yadda take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, don haka kasuwa ce babba, kuma duk mai cewa yana da maganinsa zai samu masu saye. A 2015 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 10 da aka yi a kan mutum 510, ta ce Pilates ya fi zama haka nan ba a yin komai wajen rage ciwo da sauƙaƙa zirga-zirga, amma babu tabbatacciyar hujjar cewa ya fi sauran nau'o'in motsa jiki. Wannan sakamako ne mai kyau, kuma ya isa a yi alfahari da shi ba tare da ƙari ba. Ni a wurina, ɗaya daga cikin alamomin malamin da ya yi karatu shi ne ba ya cika baki, domin ya san iyakar abin da aka tabbatar.

Sanin iyaka shi ne kashin bayan maganata, Malam Edita. Malamin Pilates, ko ya yi awa 1,000, malamin motsa jiki ne. Ba shi da hurumin gano cuta ko rubuta magani. A Nijeriya likitan gashin ƙashi yana shafe shekaru yana karatu a jami'a, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ya yi rajista da MRTB, hukumar da ke kula da masu aikin gashin ƙashi, da aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, wadda za ta iya hukunta shi idan ya yi ganganci. Mai koyar da Pilates ba ya ƙarƙashin wannan tsari, sai fa idan dama can likitan gashin ƙashi ne da ya ƙara da wannan ilimi, kuma irin waɗannan su ne suka fi dacewa da mai ciwo. Saboda haka wajibi ne a cikin horon kowane malami a koya masa alamomin da zai gani ya ce a tafi asibiti yau: ciwon baya mai tafe da zazzaɓi ko rama, ciwon da ke tayar da mutum daga barci ba ya lafawa da hutu, ƙafa da ke mutuwa ko jan ƙasa, dindiris a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. A ƙasarmu wannan ya fi muhimmanci, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya ya fara da ciwon da za a ɗauka na gajiya ne, kuma mu ne muka fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, wadda ke iya kashe kan ƙashin cinya a mahaɗar ƙugu. Manhajar da aka rubuta a Toronto ko Landan domin mutanen can aka rubuta ta, don haka wanda ya karanto ta yana buƙatar ya zauna da likitocinmu ya ji abin da ya fi damun jikin mutanenmu.

To, me mai son shiga aji zai yi? Ya yi tambaya, kuma kada ya ji kunya, domin kuɗinsa ne da lafiyarsa. Ya tambayi sunan makarantar da ta horar da malamin, sannan ya bincika da kansa, domin manyan makarantu da hukumar jarrabawar da na ambata suna da jerin sunayen malamansu a intanet. Ya tambayi awa nawa aka yi, kuma nawa ne daga ciki aka yi ido da ido a gaban malami. Ya ji ko takardar ta halartar taro ce ko ta cin jarrabawa, ko ta tabarma ce ko ta haɗa da na'urori, kuma ko malamin ya koyi taimakon gaggawa. Wanda ya sha wahalar karatu yana jin daɗin irin wannan tambaya, har ya ambaci malaminsa da malamin malaminsa. Bayan haka sai ya lura da ranar farko: idan aka ce ya kwanta a fara ba tare da an tambaye shi hawan jini, ko tiyata, ko ciki, ko tsohon rauni ba, to ya naɗe tabarmarsa. Ya kuma ƙirga mutanen ajin, domin malami ɗaya ba zai iya sa ido a kan mutum ashirin a kan na'urori masu motsi ba.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu musamman. Koyar da Pilates yakan buƙaci malami ya dafa haƙarƙarin ɗalibi ko ƙugunsa domin ya nuna masa inda zai shaƙi iska ko inda ya karkace. Makarantun kirki suna koyar da neman izini kafin taɓawa, da yadda za a gyara mutum da baki kawai idan ba ya so a taɓa shi. A wurinmu addini da al'ada sun riga sun raba wannan gardama, mata su koyar da mata, maza su koyar da maza. Ma'anar haka ita ce muna buƙatar mata masu cikakken horo da yawa, domin mata ne suka fi neman wannan motsa jiki, kuma su ne jikinsu ke bi ta ciki da haihuwa da shayarwa da ɗaukewar al'ada, kowane mataki da irin kulawar da yake buƙata.

Ba na so a ɗauka ina yaƙi da matasan da suka rungumi wannan sana'a. Yawancinsu neman halali suke yi a lokacin da aiki ya yi wuya, kuma cikakken horo a manyan makarantun nan yana cin dubban daloli, ban da kuɗin tafiya da na na'ura, abin da ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai a yau. Shawarata gare su ita ce su faɗi gaskiyar matakin da suke. Wanda ya yi kwas ɗin tabarma ya ce na tabarma ya yi, ya koyar da masu lafiya, ya tura masu ciwo inda ya dace, ya ci gaba da tara awanninsa a ƙarƙashin wanda ya fi shi. Jami'o'inmu kuma suna da rawar takawa. Muna da sassan ilimin motsa jiki da kiwon lafiya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, muna da sassan gashin ƙashi, muna da Asibitin Ƙashi na Dala, muna da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas. Ɗaliban waɗannan wurare sun riga sun karanci sassan jiki da yadda tsoka ke aiki, wato rabin abin da ake biyan daloli a koyo. Idan aka haɗa gwiwa da ɗaya daga cikin makarantun da duniya ta amince da su aka kawo horon gida, kuɗin zai sauko, kuma za a sa abin da ya shafi cututtukanmu a cikin manhajar.

Daga ƙarshe ina da roƙo biyu gare ka. Na farko, idan wani wurin motsa jiki ya kawo talla jaridarka yana cewa yana da ƙwararrun malaman Pilates ko yana maganin ciwon baya, a nemi ya rubuta sunan makarantar da ta horar da su da irin takardar da suke riƙe da ita a cikin tallan. Na biyu, ka tura wakilinka na shafin lafiya ya zauna da likitocin gashin ƙashi da shugabannin hukumar MRTB, ya tambaye su a ina aikin mai koyar da motsa jiki ya tsaya, a ina nasu ya fara, kuma wa mutum zai kai wa kuka idan aka ji masa rauni a ɗakin atisaye, a buga amsar da Hausa yadda matan da ke bin waɗannan darussa ta waya za su karanta su gane.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam,
Malamin motsa jiki mai ritaya, daga Zariya.